Rabin Goron Alhaji Gado

Shafi na 17

Gaisuwa gare ku, masu haƙuri da marasa shi. Wadda ta rubuto cewa tsohuwa na ja muku rai da gangan, na gani. Kwana huɗu na yi ina rubuta wannan shafi ina gogewa, don duk wanda ke cikinsa ya fita da mutuncinsa, ban da ni.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Maigidana Malam Muhtari da abokansa biyu na kwalejin horon malamai, Alhaji Gado na Shinkafi da Abbati na Zurmi, suna da wani wasa da suka ƙirƙira tun suna aikin koyarwa, sunansa Ganuwa. Taswirar wata ƙasa ce da babu ita a duniya, mai birane tara. Kowannensu sarki ne mai birane biyu, da hakimai, da dakaru na ƙwallon dabino. Sauran birane ukun na 'yan kasuwa ne, ba su da sarki, wanda ya fi ƙarfi suke bi. Kowa na da taswirarsa a gida. Duk mako kowa ya rubuta takunsa a takarda, Idi direba ya kai wa sauran a a-kori-kurarsa. Shekara ashirin da shida ana yi ba a gama ba.

Shekara biyun ƙarshe ba Malam ke rubutawa ba. Ni ce, da irin rubutunsa. Ciwon mantuwa ya kama shi, na ɓoye shi a cikin gida nan Ƙaura. A shafin da ya wuce kun ga yadda na ci Birnin Gishiri, babban birnin Alhaji Gado, alhali shi da Malam suna cikin ƙawance.

To, ga abin da ya biyo baya.

*

Juma'a ce da hantsi, wata uku da fara aiki da Shari'a a jiharmu. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji sallama a zaure.

Ban jira a maimaita ba. Mutum ɗaya na sani da ke jan sallama kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi.

Na leƙa ɗakin Malam. Yana barci, fuska ga bango. Na ja masa ƙofa, na yafa mayafi, na fita.

Alhaji Gado na tsaye, ya dogara da sanda. Ƙafarsa ta hagu a naɗe da bandeji har ƙauri, ciwon sukari ya ci ta. Mutumin da ya shekara uku bai bar Shinkafi ba saboda ƙafar nan, shi ne ya sha ramukan hanyar Moriki ya zo.

"Alhaji, kai ne da kanka? Sannu da hanya. Bari in kawo ruwa."

"Bar ruwanki, Malama Kulsumu."

Shekara talatin yana ce mini Hedimasta Mai Ɗankwali. Ranar ce ya fara kiran sunana.

Na shimfiɗa masa buzu. Ya zauna da ƙyar, ya miƙe ƙafar. Ni na zauna a bakin ƙofar cikin gida, rabin jikina a ciki.

"Ina shike?"

"Malam? Ai ya tafi Gusau ganin likita tun da safe."

"Bara kin ce Zariya."

"Eh, bara Zariya ne."

"Da ɗana ya zaka gaishe shi, kin ce ya sha magani shina barci. Idi ya ce shekara biyu bai ga idon Muhtari ba, hannunki kaɗai yake gani da takarda. Yau kuma Gusau. Na tambayi mai tireda bakin layinku, ya ce ba wanda ya hita gidan nan yau, ko akuya."



Ya sa hannu a aljihu ya ciro takarda a ninke, ya ajiye a kan buzun. Na gane ta. Daga tsakiyar littafin rubutu na ciro ta.

"Kin san abin da ke cikin wagga?"

"Ina zan sani? Harkarku ce ta maza."

"To bari in ba ki labari ki kai mishi, tunda ya zama sarkin da ba a gani."

Ya gyara zaman ƙafarsa.

"Tun da anka fara Shari'a samarin unguwarmu sunka sa ni gaba. Yaran kirki ne, rabinsu ni na koya musu a b c d. Sun tashi masu karta, sun tashi masu ludo daga gindin durumi, sai sunka ce saura Alhaji Gado da taswirarsa. Wai caca ce. Na ce ku nuna min kwabo guda da ya taɓa shiga cikinta. Sunka ce to ɓata lokaci ne, kuma koyon yaudara ne, sarakuna na cin junansu. Na ce ku zo rumfata ran Alhamis, ran kasuwa, ku zo da malaminku."

"Sun zo?"

"Sun zo. Har masu awon gero sun bar buhunansu sun zo kallo. Na shimfiɗa taswira. Na ce ku diba, wanga birni nawa ne, Birnin Gishiri. Ba soja ko guda cikinsa, duk na kwashe su na tahi kewaye Abbati. Wa ke tsaron ƙofata? Galadiman Muhtari, hakiminsa da dakarunsa. Shekara goma sha tara ƙofata na hannun mutumen nan, da ya so shiga da ya shiga sau dubu. Na ce ni a wasan nan na koyi abin da ake kira amana. Malamin nasu, dattijo ne mai hankali, har ya gyaɗa kai."

Ya tsaya ya share zufa da gefen rawaninsa.

"Ina cikin magana sai ga Idi da takarda. Na ce madalla, ga shaida ta zo da ƙafarta. Ban buɗe ba, Malama. Na miƙa wa babbansu, na ce karanta da ƙarfi kowa ya ji."

Bai faɗi abin da aka karanta ba. Ba sai ya faɗa ba. Ni na rubuta, ranar Talata bayan la'asar, ina murmushi ni kaɗai kamar yarinyar da ta zo ta ɗaya a aji:

*Galadima ya juya dakarunsa, ya shiga Birnin Gishiri ta ƙofar yamma. Birni ya zama namu. A gaida mutanen Shinkafi.*

Layin ƙarshen nan har yau in na tuna shi sai na rufe ido.

"Ba wanda ya yi dariya," in ji Alhaji Gado. "Da sun yi da ya fi min sauƙi. Malamin ya dube ni ya ce, 'Alhaji, ka gani.' Shi ke nan abin da ya ce, ya tashi. Kafin la'asar labari ya kai kara wurin masu shanu. Jiya da kunnena na ji wani dillali na ce wa wani, 'Alkawari fa, ba irin na Muhtarin Ƙaura ba.'"

Malam ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa daga Banga har Galadi. Bai tara komai ba sai sunansa. Ko bulo bai aza a kan bulo ba, gidan da muke ciki gado ne. Sunan nan kuwa ga shi ya zama abin da dillalai ke jifan juna da shi.

Mace mai hankali za ta sunkuyar da kai. Ni sai bakina ya riga ni.

"Amma Alhaji, ba a karya doka ba. Littafin dokokinku, shafi na shida, ya ce ƙawance na ƙarewa ranar da ɗaya ya ga dama. Kuma mako bakwai ka bar birni ba kowa. 'Yan kasuwar Tashar Rini duk sun juya maka baya. Da bai shiga ba, Abbati zai zagayo ta rafi ya shiga, ku duka biyu ku tashi a banza."

Ya ɗago kai ya dube ni. Ya daɗe yana dubana.

"Harkarmu ta maza," ya ce a hankali. "Ashe har shafi kin sani."

"Ina jin yana faɗa ne."

"Hmm."

"Kuma zancen amanar mutanen da, Alhaji, mu duka malamai ne. Wa bai san yadda baƙin da aka ba masauki a ƙasar nan suka ci birnin masu masaukinsu ba? Sarakunan da kuke kwaikwayo haka suka yi. Maroƙa ne suka wanke su daga baya."

"Na sani. Ni na koyar da tarihin nan a aji shida kafin ki koyar. Ban ce kar ya ci ni ba. Abbati ya ci ni sau uku, har gobe abokina ne. Tambayata guda. Ina goron?"

"Wane goro?"

Da na iya kamo maganar in mayar cikin baki, da na kamo.

Ya sake sa hannu a aljihu. Ya ciro wani ɗan ƙunshi na takarda da ta yi laushi don tsufa, ya warware. Wani abu ne baƙi, ya motse, kamar tsakuwa.

"Ranar da munka ƙulla ƙawance, a tashar jirgin nan taku, munka raba goro guda. Ya riƙe rabi, na riƙe rabi. Wanda zai warware, sai ya aiko da rabinsa kasuwa guda, mako ɗaya ke nan, kafin ya motsa, don ɗan'uwansa ya koma gida ya rufe ƙofa. Haka muke yi mu uku tun farko. Duk cin da Abbati ya yi min, goro ya riga dakarunsa zuwa."

"Ba ya cikin littafi," na ce. Muryata ta yi ƙasa.

"Ba ya ciki. Ba mu rubuta ba, don ba mu zaci akwai ranar da za a tuna wa wani ba."

Na gan shi. Na san na gan shi. A cikin gwangwanin madarar da Malam ke ajiye ƙwallayen dabino, akwai wani abu baƙi a naɗe cikin takardar siminti. Daminar bara ina kakkaɓe gwangwanin na ce wannan wane irin datti ne Malam ke tarawa, na jefa shi a murhu.

Ni da na haddace littafin dokokinsu kamar zan rubuta jarrabawa a kansa.

"Muhtari na iya cina," in ji Alhaji Gado. "Muhtari ba ya manta goro. In bai aiko ba, da gangan ne. Shi ya sa na ɗauko ƙafar nan da likita ya ce kar ta taka ƙasa. Ki tashe shi. Ina son in ji daga bakinsa. Mi na yi mishi?"

A kan "mishi" muryarsa ta karye. Dattijo ɗan shekara sittin da bakwai.

Zan iya barin abin haka. Na yi tunanin, ba zan ɓoye muku ba. In ce Malam ya ƙi fitowa, Alhaji ya tafi da fushinsa, wasa ya mutu, asirina ya rufu. Sunan Malam ne kawai zai biya.

"Alhaji, ba shi ya rubuta ba."

"Hannunsa ne. Shekara arba'in da biyar ina karanta hannun nan."

"Ba ni bironka."

Ya ciro daga aljihun gaba ya ajiye a kan buzu. Na jawo takardar, na juya bayanta, na rubuta: *Gado na Shinkafi, yaya ƙafa?* Da G ɗin nan ta Malam mai jela kamar ƙugiya. Na tura masa.

Ya ɗauka ya kai kusa da ido. Ya juya gaba, ya juya baya. Ya sake juyawa.

"Shekara talatin ina taya shi cike rahoton 'yan makaranta," na ce. "Ko sufeto bai taɓa ganewa ba."

"Tun yaushe?"

"Damina biyu ke nan. Tun kewayen Ƙofar Rafi."

"Ƙofar Rafi." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Har na rubuta wa Abbati na ce Muhtari ya tsufa ya yi wayo. Ashe mace ke kora mu kamar tumaki. To shi ina shike? Ya mutu kin ɓoye gawa?"

"Yana ɗaki. Da ransa."

Na gaya masa. Yadda aka fara da mantuwar sunayen jikoki. Yadda wata rana ya fito masallacin unguwa ya rasa hanyar gida, aka tsince shi a bakin layin dogo. Yadda likita a Zariya ya ce ƙwaƙwalwar ce ke lalacewa a hankali, ba ta da magani, sai kulawa. Yadda yanzu wata rana yakan san ni, wata rana yakan tambaye ni ko na ga matarsa.

"Mi ya sa ba ki hwaɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Danginsa su ce sammu ne, su cika ɗaki da hayaƙi, su ɗaure shi da mari? Na ga yadda aka yi wa wani a layin nan, har ya mutu ana dukan aljanin da babu shi."

"Ni ba danginsa ba ne."

"Kai ne ma ya hana a gaya wa. Ranar da aka dawo da shi daga bakin dogo, ya riƙe hannuna ya ce, 'Kulsumu, kar ki bari Gado ya gan ni haka. Ki riƙe min garuruwana har in warke.'"

Alhaji Gado ya sunkuyar da kai. Na zaci an wuce wurin mafi wuya.

Sai ya ɗago, fuskarsa ta canja.

"Damina biyu kika ce."

"Eh."

"Saudat ta rasu bara da rani."

Hajiya Saudat matarsa ce, ita kaɗai, shekara arba'in. Na je gaisuwar mutuwarta tare da mata, na ce Malam na kwance a asibiti, na miƙa takarda.

"Takardar ta'aziyyar nan," ya ce. "Wa ya rubuta?"

Na sunkuyar da kai.

"Malama, wa ya rubuta?"

"Ni."

"Wadda ta ce, ka tuna ranar da ta biyo mu makarantar Galadi da ƙwaryar fura a ka, ruwa na dukanta?"

"Malam ya sha ba ni labarin."

"Na tara 'ya'yana na karanta musu ita. Na ce ku ga abin da ake kira aboki. Tana ƙarƙashin matashina yanzu haka."

Na ja mayafi na rufe fuska.

"A'a, buɗe ki ji sauran. Duk abin da nake rubutawa a ƙasan takarda bayan na gama takuna. Cewa ina tsoron a yanke min ƙafa. Cewa ba na iya cin tuwo a ɗakinta. Cewa na yi kuka a bayan gida don kar yara su gani. Abin da ko limami ban hwaɗa wa ba. Ke ke karantawa?"

"Ni."

"Ke ke ba ni amsa."

"Ni."

"Innalillahi." Bai ɗaga murya ba. "Shekara biyu ina tsirara gaban matar abokina ban sani ba."

"Ban taɓa faɗa wa kowa ba, Alhaji. Kuma abin da na rubuta maka, har zuciyata..."

"Kar ki ƙarasa. Wannan ya fi muni."

Wata mota ta wuce a layi da lasifika, ana tuna wa mutane su rufe shaguna kafin huɗuba. Muka jira har ta yi nisa.

"Abu guda ya rage," ya ce. "Ya ce ki riƙe mishi garuruwansa. Riƙe ya ce. To mi ya kai ki birnina?"

Ina da amsoshi a shirye. Abbati zai shiga. Ina kare ƙasar Malam. Ina son in ya warke ya tarar na ƙara masa. Duk na jera su tun ranar Talata.

Amma na gaji da ƙarya, ta yi mini nauyi a baki.

"Daɗi na ji."

"Mi?"

"Daɗi na ji, Alhaji. Shekara ashirin da huɗu ina kawo wa Malam shayi yana gaban taswirar nan. Ina ganin kurakuranku ku uku, ina yin shiru, don ba a tambaye ni ba. Yanzu kuma daga wanke shi sai ba shi abinci a baki sai neman takalminsa. Awa ɗaya ce tawa a mako, awar da nake zama gaban taswira. Mako bakwai ina kallon ƙofar nan a buɗe. Na ce ba zan shiga ba. Ranar Talata na shiga. Kuma da na shiga, ban tuna da kai ba, ban tuna da shi ba. Na tuna dai cewa birnin da ba wanda ya taɓa ci shekara ashirin da shida ni na ci shi."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Wataƙila bai taɓa ba.

"Taku ne mai kyau," ya ce daga baya. "Ban ga zuwansa ba. Allah ya isa tsakanina da takun nan, amma mai kyau ne."

Ya naɗe rabin goronsa ya mayar aljihu.

"To yanzu ki hwaɗa min, tunda kin fi mu iya lissafi. Alhamis mai zuwa zan zauna rumfata. Za su zo, don sun san na taho Ƙaura. In na yi shiru, Muhtari ya mutu maci amana a bakin mutanen Shinkafi, shi da bai san an yi ba. In na ce ba shi ba ne, sai sun ce to wa? In ce matarsa. Su ce shi ina yake? In ce hankalinsa ya gushe. Kin ga na tona abin da ya roƙa a rufe. Sannan su ce, ashe Alhaji Gado shekara biyu yana musayar takardu da matar aure. A wannan lokaci da ake ciki. Wanne zan ɗauka?"

"Ka ce ni ce. Ni na yi."

"Ke kaɗai ce za ki faɗi? Duk hanyar da na bi, Muhtari take fara kayarwa."

 

Sai na ji jan takalmi a bayana.

Ban ja sakata ba. Ƙofar kawai na ja.

Malam ne, da rigar barci da hula a karkace, takalmin dama a ƙafar hagu. Ya wuce ni kamar labule, ya tsaya a tsakiyar zaure. Alhaji Gado ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta hana shi. Na ga idonsa na bin jikin Malam, wuyan da ya zama kamar na kaza.

Mako uku ke nan Malam bai kira sunana ba.

"Gado," ya ce. "Kai ne? Wa ya ji maka ciwo a ƙafa?"

"Muhtari." Iyakar abin da Alhaji ya iya faɗa ke nan.

"Ba a ba ka ruwa ba? Gidan nan ba su da kirki." Ya zauna a gefen buzun, daf da shi, kamar jiya suka rabu. Sai idonsa ya faɗa kan takardar.

Na miƙa hannu. Ya riga ni.

Karatu bai bar shi ba. Abubuwa da yawa sun tafi, karatu bai tafi ba. Ya bi layin da yatsa, leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshe. Ya koma farko.

Na yi ta addu'a a zuci kada ya gane. Yawancin ranaku zai karanta abu ya ajiye kamar bai gani ba.

Ranar ya gane.

"Birnin Gishiri," ya ce. "Naka ne, Gado."

"Bar shi, Muhtari, ba komai."

"Na aiko maka kafin in shiga?"

Alhaji Gado ya kau da idonsa.

"Ban aiko ba." Ya sake duban takardar. "Hannuna ne. Ni na rubuta. Ban tuna ba, yanzu ina yin abubuwa ban sani ba, amma hannuna ne." Hawaye ya fara bin gemunsa. "Kai da ka ba ni ƙofarka. Wane irin mutum na zama?"

Ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa. Ya dafa buzun, ya fara sauke gwiwoyinsa a gaban abokinsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Ka yafe min, Gado. Don Allah ka yafe min."

Alhaji Gado ya riƙe kafaɗunsa da hannu biyu, ya hana shi kai goshi ƙasa. Bai dube shi ba. Ni ya duba, ta saman kan Malam.

"Malama Kulsumu," ya ce. "Ke za ki hwaɗa mishi, ko in karɓi tubansa?"